Flyback daga batirin sola 48V zuwa 12V a ware: MOSFET na ƙonewa, ina kuskuren yake?

Mai Sola:

Assalamu alaikum, injiniyoyi da masu gyara na wannan zaure. Don Allah a duba mini wannan haɗin.

Abin da ake so shi ne 12V mai ɗaukar amfiya 2, daga bankin batirin sola na 48V da ke sauka zuwa 42V da asuba, ya hau 58V idan caji ya cika. Rauta da kyamarori biyu zai ciyar. Dole wutar fita ta kasance a ware da ta shiga, domin a wurin fosetif ɗin batir aka ɗaure da ƙasa, su kuwa kyamarorin nagetif ɗinsu a jikin ƙarfensu yake. Konbata na gama-gari mai nagetif ɗaya zai haɗe batirin kai tsaye ta wayar ƙasa.

Tsarin flyback na bi, wanda ke tara wuta a taransifoma sannan ya juye ta ga fita a kowane bugu. UC3843, IC ɗin da ke kunna MOSFET tana kashe shi, ce ke tuƙi, da razista 10k da kafasita 1.8nF a ƙafa ta 4, wato bugu kusan 100 kHz. MOSFET, wato taransistar da ke aikin makunni, IRF540N ne. Zuciyar taransifoma ferait ce E25/13/7 sabuwa, na manne ɓangarorin biyu daram. Firamare naɗi 20, sakandare naɗi 10, duka da waya guda mai kaurin 0.8mm. Razistar awon amfiya 0.1Ω. Dayod ɗin fita 1N5408, kafasita 1000µF guda ɗaya. TL431 ke auna wutar fita, opto PC817 kuma ke mayar wa UC3843 da labarin ta hanyar haske.

Babu lodi, mita na nuna 12.1V lafiya lau. Da an ɗora rabin amfiya sai taransifoma ta fara fito, MOSFET ya yi zafin da ba ya taɓuwa cikin minti ɗaya. A amfiya 1 yana mutuwa, ya tafi da UC3843 ɗin. Ƙarin naɗi zan yi, ko MOSFET mafi girma zan nemo?

Tsohon Injiniya:

Wa alaikumus salam. Malam, ƙarin naɗi ba zai cece ka ba, kuma ko MOSFET mai amfiya 100 ka sa mutuwa zai yi. Taransifomar ce ke kashe shi, rashin takunkumin da zai danne tsinin wuta a direin, wato ƙafar MOSFET da ke haɗe da firamare, ya ƙarasa aikin.

A flyback, abin da muke kira taransifoma rumbu ne. Muddin MOSFET na kunne, firamare tarawa yake yi, dayod ɗin fita a toshe. Sai an kashe sannan a juye abin da aka tara ta sakandare. Kuma kusan duk abin da ake tarawar a giɓin iska yake zama, ferait hanya ce kawai. Kai kuwa ka manne zuciyar babu giɓi. E25/13/7 na da faɗin ƙafar tsakiya kimanin 52mm², kuma babu giɓi tana ba da wajen 1,850 nH a kowane naɗi da aka ninka da kansa. Naɗi 20 ya ba ka sama da 700µH. Ferait irin wannan na ƙoshi a wajen 0.39T idan ya yi zafi. Lissafa: 0.39 × 20 × 52 ÷ 740, amfiya 0.55 ke nan. Da lodin rabin amfiya a fita, ƙololuwar amfiyar firamarenka na kaiwa daidai wannan wurin, shi ya sa fiton ke farawa a nan. Idan zuciya ta ƙoshi, indoktans ya rushe, firamare ya koma guntuwar waya a kan batir.

Abin da ya kamata ya tare wannan shi ne ƙafa ta 3 ta UC3843, mai kallon razistar awo. Tana yanke bugu idan ta ga 1V. Da 0.1Ω sai amfiya ta kai 10 kafin ta ce uffan.

Na biyu, IRF540N iyakarsa 100V. Batir 58V, ga wajen 25V da sakandare ke mayarwa kan firamare da rabonka na 2 da 1, mun kai 83V tun kafin tsinin da yoyon maganaɗisu ke harbawa a kowane kashewa. Saura 17V kacal, tsinin kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba.

Mu sake lissafin daga tushe, a tsarin da rumbun ke juyewa ƙaf a kowane bugu. Wat 24 a fita, a ɗauka kashi 85 cikin 100 ke wucewa, shiga wat 28. Mu ɗauki 40V a matsayin mafi ƙanƙantar shiga don a bar sarari, lokacin kunnawa kashi 45 cikin 100 na bugu, 100 kHz.

Ƙololuwar amfiya = 2 × 28 ÷ (40 × 0.45) = 3.1A.
Indoktans na firamare = 40 × 4.5µs ÷ 3.1A, wajen 57µH.

Ka ga ratar da ke tsakanin 57 da 740. Rabon naɗi a sa 3 da 1. Fita 12V da 0.6V na dayod, sau uku, 38V ke komawa firamare. Juyewar na ɗaukar 4.7µs, a haɗa da 4.5µs na kunnawa, 9.2µs cikin 10, akwai ɗan numfashi. Firamare naɗi 18, sakandare 6. Da haka maganaɗisu na tsayawa a 0.19T a cikakken lodi, ko an kai amfiya 4 bai wuce 0.25T ba. Giɓin da zai ba da 57µH jimillarsa wajen 0.37mm ne.

Razistar awo 0.27Ω mai wat 1, za ta yanke a 3.7A. Kada ta zama irin farar nan mai naɗin waya a ciki, tana da indoktans ɗinta, tana ƙirƙiro tsinin ƙarya. In ba a samu ba, 1Ω guda huɗu a jere kafaɗa da kafaɗa sun ba da 0.25Ω. Tsakaninta da ƙafa ta 3 a sa 1k, da 330pF zuwa nagetif, a manne da ƙafar.

MOSFET ya zama na 200V, IRF640N ya isa. Sai takunkumi: dayod UF4004, bakin shigarsa a direin, bakin fitarsa zuwa razista 3.9k mai wat 3 da kafasita 22nF 250V da ke kafaɗa da kafaɗa, ɗaya gefen nasu a fosetif ɗin shiga. Idan yoyon ya tsaya a 1.5µH, wannan zai riƙe tsinin a wajen 75V saman batir, direin ya tsaya ƙasa da 140V, razistar na cin wat ɗaya da rabi. Za ta yi ɗumi sosai, a ɗaga ta daga allo, a nisanta ta da kafasitoci.

1N5408 kuma a cire shi yau. Na wutar gida ne mai 50 Hz, ba ya rufewa da wuri. A sa MBR10100 da ɗan farantin alminiyo. Abin da zai gani a baya 12V ne da kashi ɗaya cikin uku na 60V, wato 32V da ɗan kaɗawa a sama.

Mai Naɗin Kwayil:

Lissafin Baba Injiniya ya zauna. Ni a kan naɗin zan tsaya, domin 1.5µH ɗin da ya ambata ba ya zuwa da kansa. Naɗin sakaci na iya kai shi 5µH, a lokacin razistar takunkumi sai ta ci fiye da ninki biyu ta yi baƙi.

Wayar 0.8mm ba ta dace ba. A 100 kHz wuta ba ta shiga jan ƙarfe fiye da 0.21mm daga fata, don haka tsakiyar waya mai kauri zaman banza yake yi. A yi amfani da 0.4mm, a tara silli da yawa. Firamare na ɗaukar wajen 1.2A na dumama (RMS, ma’aunin amfiyar da ke ɗumama waya), silli biyu sun isa. Sakandare na ɗaukar 3.7A duk da fitar amfiya 2 ce, domin a dunƙule wutar ke zuwa, ƙololuwarta ta haura amfiya 9. Silli biyar ko shida, a shimfiɗe gefe da gefe kamar tabarma, ba a murɗe kamar igiya ba.

Jerin naɗin haka yake. Fara da rabin firamare, naɗi 9, daga ƙafar da za ta je direin, a baza su su cika faɗin bobin, kada su taru a gefe guda. Tef ɗin foliyesta mai ruwan ɗorawa zagaye uku. Sakandare naɗi 6, shi ma ya cika faɗin. Tef zagaye uku. Sauran firamare naɗi 9, a bi hannun da aka fara da shi. Tef zagaye ɗaya, sai naɗin da zai ciyar da UC ɗin, naɗi 7 na waya 0.2mm a baje. Sanya sakandare a tsakiyar firamare biyu shi ke rage yoyon zuwa kusan rabi. Farawa daga direin kuma na binne waya mafi hayaniya a can ciki.

Kada a yi amfani da baƙin tef na masu wayarin, yana narkewa ya zame. A bar milimita 2 a kowane gefen bobin da siririn tef, bakunan wayar sakandare kuma a zura su cikin bututun roba mai jure zafi har zuwa ƙafafunsu. Mafi yawan haɗewar firamare da sakandare a wurin fitar waya take faruwa, inda wata ta hau kan wata.

Batun giɓi, a kula da wannan. Idan takarda za a sa a tsakanin ɓangarorin biyu a duk ƙafafu uku, maganaɗisu na tsallake giɓi sau biyu a zagayensa, don haka kaurin takardar rabin 0.37mm ne, wajen 0.19mm. Fallen takardar firinta biyu ke nan, ko da yake tef ɗin kapton ya fi, don takarda na shan laima ta lotsa. Kada a dogara da awon kauri. A sa mitar indoktans a firamare, sauran naɗi a buɗe, a matse zuciyar da yatsu, a ƙara ko a rage har mita ta nuna tsakanin 55 da 60µH, sannan a ɗaure a sa gam. Daga nan a haɗe bakunan sakandare da guntuwar waya a sake aunawa. Abin da ya fito shi ne yoyon. Ya wuce 2µH, a warware a sake.

A tabbatar da farkon kowane naɗi ma. Bakin sakandare da ke zuwa dayod dole ya hau sama a lokacin da direin ya hau, wato bayan an kashe MOSFET. Idan an juya shi, wutar fita za ta riƙa bin batir, ta nufi 20V, kyamarori su tafi.

Mai Sola:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na warware taransifomar zan sake. Tambaya biyu: UC3843 ɗin zan bari ko akwai wadda ta fi? Kuma ita kafasitar 1000µF ɗin ta isa?

Malamar Lantarki:

Malam, duka biyun canzawa za a yi.

UC3843 na iya barin MOSFET a kunne kusan dukan bugu. A lokacin tashi, ko idan lodi ya faɗo kwatsam, rumbun ba zai samu lokacin juyewa ba. ’Yan’uwanta UC3844 da UC3845 ba sa wuce rabin bugu. Mutane kan zaɓi UC3845 don tana tashi a 8.4V, amma tana mutuwa a 7.6V, ratar 0.8V ce kawai, kuma 8V bai ishi get ɗin IRF640N, wato ƙafar da ake kunna shi da ita, buɗewa sosai ba. Tunda batirinka bai sauka ƙasa da 40V, UC3844 ta fi: tana tashi a 16V, ba ta sakewa sai 10V. Razistar tashi 18k mai rabin wat daga fosetif zuwa ƙafa ta 7, kafasita 47µF da 100nF a ƙafar, cikin daƙiƙa ɗaya za ta kama. Naɗi 7 ɗin nan ta dayod UF4004 da razista 10Ω zai riƙe ta a wajen 14V. Ita 10Ω ɗin na da muhimmanci: tana hana tsini cika kafasitar, don haka idan fita ta haɗe, UC ɗin za ta rasa abinci ta mutu, ta sake gwadawa bayan ɗan lokaci, maimakon ta dage har wani abu ya ƙone.

Tarko ɗaya: UC3844 na fitar da rabin bugun da aka saita a ƙafa ta 4. Ka bar 10k da 1.8nF, 48 kHz za ka samu, 57µH kuma ba zai iya ba da wat 24 a nan ba sai amfiya ta haura iyakar razistar awo. Sa 8.2k da 1nF, ka samu wajen 105 kHz a ƙafa ta 6. Get ya samu 15Ω a jere, da 10k zuwa sos, ƙafar MOSFET da ke zuwa razistar awo.

Kafasitar fita ba yawan µF ake dubawa ba. Sakandare na zubo 3.7A na dumama, lodi na ɗaukar 2A sumul, ragowar da ke kai da komo cikin kafasita ya haura 3A. Kafasita guda ta gama-gari ba ta jure ko rabin haka, za ta kumbura. A sa guda uku 680µF 25V masu ƙaramar turjiya ta ciki, masu alamar 105°C. Bayansu ƙaramin kwayil 3.3µH mai jure amfiya 3, sai 220µF. Zafin wurin ma a sa shi a lissafi. Inda inuwa ke haura 40°C a watan Afrilu, cikin rufaffen akwati zai kai 60°C, kuma duk ƙarin 10°C na raba kwanan kafasita biyu.

Ɓangaren TL431 kuma: 9.1k daga fita zuwa ƙafar awo, 2.4k daga nan zuwa nagetif, ya ba da 11.96V tunda ita 2.495V take nema. Wannan reshen a ɗauko shi bayan kwayil ɗin 3.3µH. Fitilar cikin PC817 kuwa a ciyar da ita ta 1.5k daga gaban kwayil ɗin, in ba haka ba jinkirin kwayil zai shiga zagayen, fita ta riƙa lilo. A sa 1k a kafaɗar fitilar, domin TL431 na bukatar aƙalla 1mA kafin ta yi aiki daidai, kuma rashin wannan razistar ne ke sa ta rasa wannan 1mA ɗin idan lodi ya ƙaru. Kafasita 100nF tsakanin katod da ƙafar awo. A gefen firamare, ƙafa ta 2 zuwa nagetif, kolekta na opto zuwa ƙafa ta 1, 4.7k daga ƙafa ta 1 zuwa ta 8, 2.2nF daga ƙafa ta 1 zuwa nagetif. Da waɗannan zagayen zai yi gyaransa ƙasa da 1 kHz, nesa da wajen 6 kHz inda kwayil da 220µF ke amsa wa juna.

A duba harafin da ke jikin PC817. Mai B na mayar da kashi 130 zuwa 260 cikin 100 na abin da aka ba fitilarsa, mai D 300 zuwa 600. Lissafin nan na B ne. A sa 1k mai rabin wat a bakin fita a matsayin lodin dindindin, don kada bugu ya yi ta tsallake har naɗi 7 ɗin ya kasa ciyar da UC.

Tsohon Injiniya:

Na yarda da Malama a kan UC3844, ta fi abin da na yi niyyar ba da shawara. Saura abin da aka yi dukan wahalar dominsa, wato rabuwar ɓangarorin biyu, don a nan ne aiki mai kyau ke lalacewa a ranar ƙarshe.

Bayan IRF640N direin ne. Bayan MBR10100 kuma fosetif ɗin fita ne. Ka ɗaura su a farantin alminiyo guda, ko a jikin akwatin ƙarfe babu shimfiɗar mika da zoben roba a kusa, ka haɗe abin da ka raba. Kowanne da farantinsa. A kan allo a bar fili aƙalla milimita 4 babu jan ƙarfe tsakanin ɓangarorin, ya ratsa ta ƙarƙashin taransifoma da tsakanin ƙafafun opto. In za a iya tsaga allon a ƙarƙashin opto ya fi, saboda ƙurar hunturu idan ta sha laimar damina hanya take zama. Abu uku kaɗai ke da izinin tsallake filin: taransifoma, opto, da kafasita guda 1nF zuwa 2.2nF mai alamar Y1, daga fosetif ɗin shiga zuwa nagetif ɗin fita. Ita ke mayar da hayaniyar bugu gida, ta hana ta bin wayar kyamara ta zana layuka a hoto.

Tunda fosetif ne a ƙasa, fiyus a layin nagetif zai zauna. Amfiya 2, mai jinkiri, wanda aka rubuta masa jure DC sama da 60V. Fiyus ɗin mota na 32V ne, yana iya narkewa wuta ta ci gaba da tsallakawa. Bayansa 100µF 100V da seramik 2.2µF 100V guda biyu dab da taransifoma. Kada a bar seramik su kaɗai: idan aka jona doguwar waya daga batir, wutar kan yi tsalle ta kusa ninkawa, babbar kafasitar ce ke kwantar da ita. Zagayen da ya tashi daga seramik zuwa firamare, MOSFET, razistar awo, ya dawo, a matse shi iyakar iyawa. Haka na sakandare, dayod da kafasitocin farko.

Gwajin farko kada a yi shi a kan batirin wurin. Kilif ɗin osiloskop, na’urar da ke zana siffar wuta a allo, a haɗe yake da ƙasa ta filoginsa, nagetif ɗin firamarenka kuwa 48V yake ƙasa da ƙasa. Ka maƙala shi a nan, bankin batir gaba ɗaya zai bi ta wayar awon. A gwada a tebur da na’urar ba da wuta wadda ba a ɗaure bakinta da ƙasa ba, a saita 40V, a tsayar da iyakarta a 200mA. Kuma kada a maƙala kilif ɗaya a firamare, ɗaya a sakandare lokaci guda, domin a cikin na’urar a haɗe suke.

Idan 12V ta fito babu lodi, a ɗaga iyakar zuwa amfiya 1, a ƙara lodi rabin amfiya rabin amfiya ana kallon razistar awo. Layin ya tashi daga sifili ya hau a miƙe kamar gangaren tudu, ya tsaya wajen 0.85V a cikakken lodi. Idan ƙarshensa ya lanƙwashe sama kamar ƙugiya, zuciya na ƙoshi, giɓi ya yi kaɗan. Sai a kai shiga 60V a duba direin, kada ƙololuwa ta wuce 160V. Ta wuce, a rage razistar takunkumi zuwa 3.3k, a kuma sake auna yoyon. A cire lodi a mayar da sauri ana kallon fita: ta ɗan nutse ta dawo sau ɗaya. In ta yi lilo sau uku ko huɗu, a ɗaga 1.5k ɗin fitilar opto zuwa 2.2k.

Shi kansa IRF640N a gwada shi kafin a sa, don jabu sun yi yawa. Ba get 10V, ka tura amfiya 1 ta direin zuwa sos, ka auna. Na gaske ba zai wuce 0.15V ba.

Kafin a kai shi wurin aiki, a haɗe bakunan shiga biyu wuri guda, na fita biyu wuri guda, a sa mega, mitar gwada rabuwar wuta, ta 500V a tsakaninsu na minti ɗaya. Allura ta ɗan motsa yayin da kafasitar Y1 ke cika, sannan ta koma ɗaruruwan megohm ta tsaya. Idan ta tsaya ƙasa, a fara duba wurin da wayoyin sakandare suka fito daga bobin.